Ruwan Indararo da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya sanya shi abin sha da abin tsarki ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata wasiƙa da wani bawan Allah ya aiko mana daga unguwar Mabera a nan birnin Sakkwato. Ya ce ya fi shekara 20 yana zaune a gidansa, ruwa bai taɓa shigar masa zaure ba, sai da aka yanka filin da ke sama da su aka cika shi da gidaje, kowane mai gida ya shafe tsakar gidansa da siminti, ya huda bango ya saki ruwansa a kan hanya. Yanzu ko da tsakar dare ya ji rugugin hadari sai ya tashi zaune, domin ya san abin da zai biyo baya, watau baƙin ruwa mai wari, da leda da toroso, ya tsaya masa a ƙofa kwana biyu ko uku. Tambayarsa kashi biyu ce. Ta farko, idan ya ratsa wannan ruwa zuwa masallaci da asuba ya taɓa masa tufafi, sallarsa ta yi? Ta biyu kuwa, shin shari'a ta ba shi wani haƙƙi a kan maƙwabtan nan, ko kuwa ruwan sama na Allah ne, babu mai tuhumar wani a kansa?

Tambayar farko ita ce mai sauƙi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Iziyya ko Risala ya san tushenta. A mazhabar Imamu Malik ana duban ruwa ne ta siffofinsa uku: launi, da ɗanɗano, da ƙamshi. Ruwan da bai canja ba, shi ne mai tsarki mai tsarkakewa, ruwan sama kuwa yana sahun gaba a cikinsa, kamar yadda aya ta 48 ta Suratul Furƙan ta nuna. Wanda ya canja da abin da yake zaune a kansa, kamar jar ƙasa ko gansakuka, yana nan a kan tsarkinsa. Wanda ya canja da abu mai tsarki wanda ba ya tare da shi a al'ada, kamar nono ko sabulu, ana iya aikin gida da shi amma ba a alwala da shi. Wanda kuwa najasa ta canja ɗaya daga cikin siffofin nan nasa, to, ya zama najasa, bai dace da ibada ba, bai kuma dace da sha ko girki ba.

Sai dai malamanmu sun san mutum ba ya tashi sama ya tafi masallaci. Saboda haka Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, ya lissafa taɓon ruwan sama da ke kan hanya a cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu, ko da kuwa akwai najasa gauraye da shi, muddin najasar ba ta rinjayi taɓon ba. Idan ta rinjaya, ko kuwa ainihin jikinta ne ya sami tufa, sai an wanke. To, mai tambaya sai ya duba. Fallatsin hanya a ranar ruwa ba ya ɓata masa salla. Amma baƙin ruwan da ya kwana biyu yana wari a ƙofar gida ya fita daga hukuncin taɓon damina, ya shiga hukuncin ruwan kwata, wanke shi wajibi ne.

A nan ne nake so mu tsaya kaɗan, domin na ga mutane da yawa sun juya wannan rangwame. An yi shi ne don jinƙan mai tafiya wanda ba shi da yadda zai yi. Ba a yi shi don wanke laifin wanda ya jira hadari ya haɗo, sa'an nan ya buɗe ramin wankansa ko ya kwashe sharar mako guda ya zuba a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Wa ya gaya masa ruwa yana tafiya da abu ya ɓace? Yana dai ɗauke shi daga ƙofarka ya ajiye a ƙofar wani Musulmi.

Kafin mu shiga tambaya ta biyu, ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa ruwan ya yi yawa haka, alhali kuwa daminar Sakkwato ba ta da tsawo. Wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙarfinta a watan Agusta yake. Abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Amma ruwan namu ba ya sauka a hankali, sau da yawa a sa'a ɗaya yake juye abin da ya ɗauko. A da, in ya sauka, sai ya tarar da rairayi da gonakin gero, ƙasa ta shanye mafi yawansa, ya gangara ƙarƙashi ya ciyar da rijiyoyi, daidai da abin da aya ta 21 ta Suratuz Zumar ta ba da labari, na shigar da ruwan sama cikin ƙasa ya zama maɓuɓɓugai. Wanda ya rage kuwa sai ya tafi kududdufi. Kakanninmu da suka yi gini da ƙasa, ramin da suka haƙa suka ɗebi ƙasar shi ne ya zama matattarar ruwan unguwa, ko sun nufa ko ba su nufa ba. Kowace tsohuwar unguwa tana da nata.

Tun da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan ta Jihar Sakkwato a 1976, gari ya tsallake ganuwarsa ya yi ta miƙewa. Wuraren da dattawa suka sani gonaki ne, irin su Mabera da Arkilla da Gwiwa da Bado da Runjin Sambo, yau duk gari ne. Wannan kuwa alheri ne, babu mai ƙin mutum ya sami inda zai sa kansa. Amma kwano da kwalta da siminti ba sa shan ruwa. Ga lissafi mai sauƙi wanda ɗan firamare zai iya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, lita ɗaya ce. Fulotin da muka saba, ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai kimanin murabba'in mita 450. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 13,500 ke nan ta sauka a wannan gida ɗaya, fiye da durom 67 na lita 200. Idan an rufe gidan duka da kwano da daɓen siminti, kusan dukkan wannan ruwa waje zai fita. Rukunin gidaje 500 masu irin wannan gini zai turo abin da ya haura lita miliyan shida cikin sa'a ɗaya ko biyu, ban da na tituna. Kududdufin da zai karɓe shi kuma an cike shi da shara, an daddale, an sayar fuloti. Ina ruwan zai nufa? Sai gidan wanda ya fi kowa zama a kwari, wanda galibi shi ne ya fi kowa talauci.

Yawan ruwan ma da sauƙi a kan abin da yake ɗauke da shi. Wata takwas gari yana tara ƙura, da kashin dabbobi, da baƙin man da masu gyaran mota da babur ke zubarwa a ƙasa, da jinin mahauta, da ruwan rini da na jima, da ledar ruwan sha wadda ba ta ruɓewa. Ruwan farko na damina shi ke wanke wannan duka a tashi ɗaya, shi ya sa masana suka ce ya fi kowane ruwa ƙazanta. Wurin da ake sabon gini kuma yana da nasa kason. An sare itatuwa, an kankare ciyawa, an jibge yashi da tsakuwa a bakin hanya, an wanke kwaɓin siminti a ƙasa. Ruwa ɗaya ya isa ya kwashe yashin nan ya cusa a kwalbati, magudanar da aka kashe dukiyar jama'a aka gina ta toshe tun ba ta shekara ba. Mafi muni shi ne masai da ramin sokawe da aka haƙa ba zurfi, ko aka bar bakinsu daidai da ƙasa, waɗanda in ruwa ya malale sai su cika su tumbatsa, abin da ke ciki ya bi hanya.

Garin nan kuwa a kan tudu yake, yana kallon fadama, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. Duk abin da ya bi lambatu, ƙarshensa can ne. Can ne ake noman shinkafa da albasa da tumatir da ganyen da muke ci, can masunta na Kwalkwalawa ke jefa koma, kuma Gulbin Rima na cikin inda ake janyo ruwan famfon da gari ke sha. Daga nan gulbin ya wuce Argungu da Birnin Kabi kafin ya faɗa Kwara, a kowane mashaya kuwa akwai mai ɗiba da ƙwarya yana alwala. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Sakkwato kuma tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan cuta ba iska ke kawo ta ba, bayan gida ne ke shiga ruwan sha. Haka nan ruwan da ya kwanta a unguwa ya yi mako guda ya isa sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe. Mai karanta aya ta 41 ta Suratur Rum, wadda ta danganta ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannuwan mutane, ba ya bukatar dogon tafsiri in ya tsaya a bakin wata babbar kwata bayan ruwan farko.

To, yanzu ga tambaya ta biyu. Cewa ruwan sama na Allah ne gaskiya ce, amma hanyar da ka bi da shi aikinka ne, kuma a kanta ake tambayarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo la'ana, su ne yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Wanda ya haɗa bututun masansa da magudanar ruwan sama ya tara biyu daga cikin ukun nan ba tare da ya fita daga ɗakinsa ba, domin ƙazantarsa ta bi hanya, ta kuma ƙare a mashaya. Sa'an nan ga babban hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman Malikiyya suka gina kusan dukkan hukunce-hukuncen gine-gine da maƙwabtaka a kansa.

Akwai wani labari da Imamu Ahmad ya kawo wanda nake jin daɗin karanta shi ga ɗalibai. Wata ranar Juma'a Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sa tufafinsa ya nufi masallaci, sai ya bi ta ƙarƙashin indararon gidan Abbas, baffan Annabi, ruwa gauraye da jinin 'yan tsakin da aka yanka ya zubo masa. Sai ya sa aka cire indararon, ya koma ya sake tufafi, ya zo ya ba da salla. Da Abbas ya gaya masa cewa Manzon Allah ne da hannunsa ya sa indararon a wurin, sai Umar ya rantse sai Abbas ya hau bayansa ya mayar da shi. Mafi yawan masu wa'azi kan tsaya a kan ladabin Umar, kuma ya cancanci a tsaya. Amma a lura, hukuncinsa na farko bai jira kowa ya kawo ƙara ba, bai kuma dubi girman mai gidan ba. Abin da ya sa ya janye shi ne izinin Annabi, wanda babu wani indararo a Sakkwato da yake da shi.

Malamai sun bambanta abu biyu a nan. Ruwan sama tsantsa wanda tun asali yake gangarowa daga tudu zuwa kwari, na ƙasa ba shi da ikon tare shi ya mayar wa na sama, domin haka Allah Ya shimfiɗa ƙasar. Amma cutar da aka ƙirƙiro daga baya, kamar a tattara ruwan da a da ƙasa ke shanyewa a juya shi ƙofar mutum, ko a gauraya shi da ruwan wanka da na masai, wannan ana kawar da ita, kuma wanda ya kawo ta shi ne zai ɗauki nauyin kawarwa. Ibnur Rami, wani gwanin magini na birnin Tunis a ƙarni na takwas na Hijira wanda alƙalai kan tura shi duba rigingimun gini, ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan mas'aloli, ya kuma raba hukuncin ruwan sama da na ruwan ƙazanta. Namu malaman ma ba su bar wannan fage ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan mallakar filaye da haramin da ake bar wa gari da rijiya da kogi, watau filin da ba a yarda wani ya keɓe wa kansa ba saboda jama'a na bukatarsa. A ganina kududdufin unguwa da hanyar da ruwa ya saba bi suna cikin irin wannan, kuma wanda ya sayar da su ya sayar da abin da ba nasa ba.

Wani zai ce, to, in magudana ba ta da hanya sai ta cikin filin wani fa, shi kuwa ya ƙi? Imamu Malik ya ruwaito cewa Dahhaku ɗan Halifa ya so ya bi da ƙoramar ban ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya hana, Umar ya lallashe shi ya ƙi, daga ƙarshe Umar ya tilasta aka bi da ita, tun da akwai amfani babu cuta. Malamai sun yi saɓani a kan ko kowane alƙali zai yi hukunci da wannan tsakanin mutum biyu, amma inda maslahar gari duka ta rataya a kai, hukuma tana da ikon fitar da hanya ta biya diyya.

Wannan ya kawo mu ga masu mulki, domin akwai abin da ya fi ƙarfin mai gida ɗaya. A zamanin Umar ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, sai ya zo Makka da kansa, ya mayar da shi, ya kuma sa aka gina madatsa a saman gari don karkatar da ruwan. Bai ce ƙaddara ce ya naɗe hannu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin nan a 1809, ya sanya raya garuruwa da gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni a cikin ayyukan shugaba a littafinsa Usulus Siyasa. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, dokar 1992 kuma ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Saboda haka jami'in da ya sa hannu a takardar rukunin gidaje alhali bai ga inda ruwansu zai bi ba, ya ci amana iri biyu, ta shari'a da ta doka. Mun ga abin da ya sami Jidda a watan Nuwamba na 2009, ana cikin aikin Hajji, inda ruwan 'yan sa'o'i ya kashe mutum fiye da 100, domin an yi gini a cikin kwarurukan da ruwa ya saba bi. A nan gida kuwa ba mu manta da Satumbar 2010 ba, da Gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya tashi ƙauyuka masu yawa. Wannan ambaliyar gulbi ce, ba ta lambatu ba, amma ta nuna mana iyakar fadama, kuma a ranar da gulbi ya cika, ruwan gari ba shi da inda zai zuba.

An gina manyan magudanai a wasu unguwanni, har da Maberar mai tambaya, kuma sun rage wahala. Sai dai magudanar siminti aikinta kawai ta gaggauta kai ruwa gulbi da duk dattinsa. Abin da masana suka fi ƙarfafawa a yau shi ne a tsare ruwa a inda ya sauka, a bar shi ya lafa, ƙasa ta sha abin da za ta sha, sa'an nan a saki ragowar a hankali. Da na fara jin wannan bayani sai hukuncin Annabi a kan rafukan Mahzur da Muzainib na Madina ya faɗo mini a rai, inda ya ce na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Can ana rabon ruwan ban gona ne, ba na ce mas'alar ɗaya ce ba, amma tsarin ya yi kama: kowa ya riƙe gwargwadon nasa kafin ya miƙa wa na gaba.

A gida, wannan ba ya bukatar dukiya mai yawa. Mai gini ya bar wani sashe na tsakar gidansa ba daɓe, ya zuba tsakuwa ko ya dasa dogonyaro ko mangwaro. Ya sa wa kwanonsa mazurari zuwa tanki, ya bar ruwan farko ya zube don shi ne mai ƙurar rufi, ya tara na bayansa don wanki da ban ruwa, a garin da ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa rabin shekara. Ya haƙa rami dabam ya cika shi da duwatsu don ruwan sama, nesa da harsashin gini, kada ya haɗa shi da na wanka. Masai kuwa a ɗaga bakinsa sama da ƙasa, a nisanta shi da rijiya, masana kiwon lafiya kan ce kimanin mita 30. Mai gyaran mota ya tara baƙin mai a durom, akwai masu saye. Mai yanka filaye da yawa shi ne nauyinsa ya fi girma: ya ware mafi kwarin filinsa ya zama tafkin tsare ruwa, a kewaye shi saboda yara, a yi masa mafita yadda zai tsane cikin kwana biyu ko uku kafin sauro ya samu zama, a dasa jema a bakinsa, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa tana tace laka. Fulotin da ya rasa a nan, in ya yi niyya, sadaka ce mai gudana.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Mabera, shawarata gare shi ita ce kada ya fara da kotu, kada kuma ya tashi da dare ya gina tudu ya tura ruwan ƙofar na ƙasa da shi, don in ya yi haka ya zama abin da yake kuka da shi. Ya sami limamin unguwa da mai unguwa, su taka tare da maƙwabtan a ranar da aka yi ruwa, kowa ya gani da idonsa inda ruwan gidansa ke kwana. Da yawansu ba su taɓa bin sawunsa ba. Duk wanda aka samu ya haɗa ruwan wanka ko na masai da hanya, a ba shi wa'adi ya raba su, a kuma kafa shaidu biyu a kan cewa an gargaɗe shi, domin a fiƙihunmu gargaɗi a gaban shaidu yana da nauyi wajen ɗora ramuwa, kamar yadda malamai suka faɗa game da mai katangar da ta karkata aka ce ya rushe ya ƙi. Idan bayan haka katangar mai tambaya ta faɗi ko hatsinsa ya jiƙe, yana da hujjar da zai tsaya da ita gaban alƙali. Batun kwalbati da babbar magudana kuwa, su rubuta takarda ɗaya da sa hannun masu gidajen sama da na ƙasa gaba ɗaya, su kai wa hukumar tsara gari tun da rani, kafin watan Mayu ya fita. Allah Shi ne Mafi sani.